Yadda Za A Tattauna Ficewar Nijar Daga ECOWAS Ba Tare Da An Ɓata Zumunci Ba

Tun ranar 28 ga Janairun 2024, lokacin da gwamnatocin soja na Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga ECOWAS, ƙungiyar raya tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, gardamar wannan al'amari ba ta kwanta ba a Sakkwato, kuma babu alamar za ta kwanta nan kusa. Ana yin ta a majalisun ƙofar gida bayan sallar isha'i, ana yin ta a cikin motar Illela, ana kuma yin ta ta waya tsakanin dangin da wasunsu ke Gwadabawa ko Gada, wasu kuma a Ƙonni ko Madawa ko Tawa. Wasu suna ganin ƙasashen uku sun kuɓuta daga ƙungiyar da ta zama 'yar amshin shatan Faransa, wasu kuma suna ganin sojoji ne kawai suka guje wa wanda zai tambaye su ranar zaɓe. Mutumin Legas yana iya yin wannan musu ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, amma mu ba mu da wannan damar, domin iyakar da ake magana a kanta ta ratsa tsakiyar danginmu ne. Garin Maratta da aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754 yana cikin ƙasar Nijar a yau, kuma Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri jini ɗaya ne. Saboda haka ya kamata mu iya wannan gardama yadda za a ƙaru da juna, a kuma tashi ana gaisawa.

Fara da jera abin da ya faru, kafin kowa ya faɗi ra'ayinsa

Mafi yawan musun da ke ƙarewa da ɓacin rai yana farawa ne da mutum biyu da kowannensu ya ɗauko labarin daga inda ya fi yi masa daɗi. Wanda ke goyon bayan ficewa yakan fara daga ranar da aka yanke wa Nijar wuta, wanda ke adawa kuma yakan fara daga ranar da aka tsare shugaban ƙasa. Idan kai ne kake jagorantar zaman, ko kuma kai ne wanda ake saurare a majalisar, to ka nemi a amince da jerin abubuwan da babu mai musunsu.

A ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun da ke tsaron fadar shugaban ƙasar Nijar suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tchiani ya ayyana kansa shugaba. Ranar 30 ga watan shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka ƙaƙaba takunkumi, suka rufe iyakoki, suka ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da Bazoum kan kujerarsa, tare da gargaɗin cewa ana iya amfani da ƙarfin soja. Najeriya ta katse wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke amfani da ita. A cikin watan Agusta Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar suka je Yamai neman sulhu, haka ma ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau, yayin da Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan zuwa yaƙi. Ranar 16 ga Satumba ƙasashen uku suka kafa ƙawancensu na ƙasashen Sahel, wato AES. An janye takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, an buɗe iyakarmu a watan Maris, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin a ranar 6 ga Yuli shugabannin uku suka haɗu a Yamai suka mayar da ƙawancen ya zama tarayya. Ficewar ta tabbata a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, bayan cikar shekara guda da sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar ya gindaya wa duk ƙasar da ke son fita.

Idan aka karanto wannan a natse, kowane ɓangare zai ji abin da ba ya son ji, kuma hakan shi ne amfaninsa.

Kada a cakuɗa tambayoyi uku a wuri ɗaya

Abin da ya fi rikita wannan magana shi ne akwai tambayoyi uku daban-daban a cikinta, mutane kuma suna amsa ɗaya alhali abokin maganarsu wata yake tambaya. Ta farko ita ce ko juyin mulkin ya dace. Ta biyu ita ce ko matakin da ECOWAS ta ɗauka ya dace. Ta uku ita ce ko ficewa daga ƙungiyar za ta amfani talakan Nijar da maƙwabtansa. Mutum mai hankali yana iya cewa juyin mulki kuskure ne, takunkumin ma kuskure ne, ficewar kuma ba ta gyara ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma babu tufka da warwara a maganarsa. Wani kuma yana iya ƙin mulkin soja, amma ya ce ƙungiyar da ta yi barazanar kawo yaƙi ƙofar gidansa ta zubar da girmanta a idonsa. Duk lokacin da ka ji muryoyi sun fara tashi, tsayar da maganar ka tambayi mai magana, cikin ladabi, wace daga cikin ukun yake amsawa. Sau da yawa za a tarar mutum biyun da ke neman cacar baki sun yarda da juna a kan biyu, ɗaya ce kawai ta raba su.

A nan zan faɗi matsayina, domin ba daidai ba ne mai ba da shawara ya ɓoye inda ya tsaya. Ina ganin yanke wuta da rufe iyaka a 2023 babban kuskure ne, saboda waɗanda suka ji a jikinsu ba janar-janar ba ne. Marasa lafiya ne a asibitocin Dosso da Yamai, da direbobin da manyan motocinsu suka yi jerin gwano a Illela har kayan gwari suka ruɓe a ciki, da 'yan dako da masu abinci da ke rayuwa da abin da suka samu a ranar kasuwa. Haka kuma ina ganin fitar da ƙasa daga ƙungiyar da ta shafe kusan shekara 50 a cikinta, ba tare da an tambayi 'yan ƙasar ta hanyar ƙuri'a ko zaɓaɓɓiyar majalisa ba, rauni ne da taron gangami ba ya rufewa, komai yawan mutanen da suka fito.

San abin da ƙungiyar ke bayarwa, da abin da ya sauya

Nan ne ya kamata a daɗe, domin nan ne maganar ta shafi tukunyar kowa. An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, da ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo, kuma abin da talaka ya fi amfana da shi daga gare ta shi ne yarjejeniyar 1979 wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Bayan wannan akwai tsarin sauƙaƙa cinikin kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin ba tare da harajin kwastan ba, akwai katin inshorar mota da ke aiki daga ƙasa zuwa ƙasa, akwai kuma shawarar 1998 da ta tsara yadda makiyaya za su riƙa tsallaka iyaka da dabbobinsu da takardar shaida. Akwai kotun ƙungiyar da ke Abuja, wadda kowane mutum, ko da shi kaɗai ne, ke iya kai ƙarar gwamnatinsa gabanta. A 2008 wannan kotu ta yanke hukuncin cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare Hadijatou Mani, wata baiwar Allah daga yankin Ƙonni da aka riƙe a matsayin baiwa, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Duk wanda ke cewa ƙungiyar ba ta taɓa tsinana wa talaka komai ba, ya kamata a tuna masa da wannan shari'a, a kuma tambaye shi inda mai irin wannan ƙara zai nufa yanzu.

To sai dai kuma wanda ke kare ƙungiyar bai kamata ya yi kamar takarda ita ce hanya ba. Duk wanda ya taɓa ɗauko buhun albasa ko ya koro raguna zuwa kasuwar Illela ta ranar Lahadi ya san yawan shingayen da ke kan hanya, ya san yadda ake miƙa hannu ta tagar mota a kowane shinge, kuma ya san cewa yarjejeniyar 1979 ba ta taɓa hana hakan ba. Najeriya ma da kanta ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, tana cikin ƙungiyar daram, kuma ba juyin mulki ne ya jawo hakan ba. Mutumin Ƙonni da ya tuna wannan yana da hujjar tambayar amfanin ƙungiyar da babbar yayarta ke rufe ƙofa duk lokacin da ta ga dama.

Game da abin da ya sauya kuwa, sai a yi taka-tsantsan da masu zuzuta magana ta kowane ɓangare. A ranar da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta sanar da cewa ƙasashenta za su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu ɗauke da tambarin ƙungiyar, za su ci gaba da barinsu su shiga ba biza, kayansu kuma su ci gaba da cin moriyar tsarin ciniki, har zuwa lokacin da za a cimma wata sabuwar matsaya. Ƙasashen AES ma sun ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ƙasashensu ba biza. Sun fitar da nasu fasfo, kuma a watan Maris na 2025 sun sanar da harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su daga waje, domin gudanar da tarayyarsu. Abin lura a nan shi ne, abin da a da yake haƙƙi ne da yarjejeniya ta tabbatar, yanzu ya koma alfarma da kowane ɓangare ke iya janyewa da sanarwa ɗaya. Ga ɗan kasuwar da ke son zuba jarinsa a cinikin shekara biyar, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Akwai kuma abin da bai sauya ba, wanda masu gardama ke yawan mantawa. Ficewa daga ECOWAS ba ta fitar da ƙasashen uku daga ƙungiyar masu amfani da kuɗin sefa ba, kuma sefa tana ɗaure da kuɗin yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Wanda ke cewa an yanke duk wata igiya da ta haɗa su da Faransa ya yi gaggawa, ko da yake gaskiya ne sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamban 2023, na Amurka kuma sun kammala ficewa a Satumban 2024. Haka nan Nijar ba ta da teku, kuma ficewa ba ta matso mata da shi kusa ba: kayanta dole su bi ta tashar jiragen ruwan wata ƙasar, bututun da ke kai ɗanyen manta kasuwar duniya kuma ta ƙasar Benin ya bi.

Ka faɗi hujjar abokin musunka yadda shi ma zai yarda ka faɗe ta daidai

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi wuya, kuma ita ce ta fi amfani. Kafin ka soki ra'ayin mutum, maimaita masa shi da mafi ƙarfin hujjojinsa, har sai ya ce lallai haka yake nufi. Idan kana adawa da ficewar, dole ka iya faɗar cewa ƙungiyar tana da yarjejeniyar 2001 a kan dimokuraɗiyya da ta haramta karɓar mulki ta haramtacciyar hanya, amma ba a ga ta zare takobi ba lokacin da Alpha Condé na Gini da Alassane Ouattara na Kodebuwa suka nemi wa'adi na uku a 2020. Dole ka iya faɗar cewa mutanen Tilaberi da Tawa da Difa sun shekara da shekaru suna binne 'yan'uwansu da 'yan ta'adda suka kashe, ba su ga rundunar ECOWAS ta zo ceto ba, sai da aka taɓa kujerar shugaba suka ji ana maganar haɗa runduna. Idan kuma kana goyon bayan ficewar, dole ka iya faɗar cewa tun bayan juyin mulkin ba a daina kai hare-hare ba, cewa kotun ƙungiyar ta ba da umarnin sakin Bazoum a Disamban 2023 ba a bi ba, kuma a Maris na 2025 aka rantsar da Janar Tchiani a kan wa'adin shekara biyar ba tare da zaɓe ba. Wanda ya kasa furta hujjar ɗaya ɓangaren da bakinsa bai shirya yin muhawara ba tukuna, kuma ya fi masa alheri ya saurara.

Misalin Birtaniya yana da amfani, muddin ba a ja shi ya wuce inda ya tsaya ba. A can an yi ƙuri'ar raba gardama ranar 23 ga Yunin 2016, kusan kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai, kashi 48 suka zaɓi zama, amma ba a fita ba sai 31 ga Janairun 2020, bayan takaddamar ta ci kujerar firaministoci biyu, David Cameron da Theresa May. Abin da ya fi ba su wahala shi ne iyakar Ireland, inda mutane iri ɗaya ke zaune a ɓangarori biyu na layi, kuma wannan shi ne darasin da ya shafe mu. Bambancin kuwa shi ne su an tambaye su. A kusa da mu, Muritaniya ta fice daga ECOWAS a shekarar 2000, daga baya a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da ita, abin da ke nuna cewa fita ba ta rufe ƙofar ma'amala.

Ladabin zama da tantance labari

Kada a bari gardamar ta koma ta 'yan Najeriya da 'yan Nijar, domin a kowane ɓangare na iyaka akwai masu goyon baya da masu adawa. Da zarar wani ya fara cewa "ku mutanen can", mai jagorantar zama ya dawo da shi kan magana. A guji kiran mutum ɗan koren Faransa ko ɗan koren Rasha saboda ra'ayinsa, domin wannan zargi ne na cin amana, kuma ba a warware shi da hujja. Idan babba ne ya faɗi abin da ka san ba daidai ba ne, ba sai ka ƙaryata shi a gaban jama'a ba. Kana iya cewa, "Baba, Allah ya ƙara girma, ni abin da na ji ya ɗan bambanta, ko za a ba ni dama in faɗa?" Idan kuma ƙaninka ne ya ɗauki zafi, kira sunansa ka ce ya ƙarasa maganarsa tukuna, domin yawancin matasan da ke ɗaga murya a kan wannan batu suna yi ne saboda sun gaji da ganin ƙasashensu na roƙo, kuma wannan gajiya gaskiya ce ko da maganin da suka yarda da shi bai yi maka ba.

Akwai wani abu da ya kamata mu da ke wannan ɓangaren mu kiyaye. Ɗan'uwanka da ke Maraɗi ko Yamai yana zaune a ƙasar da hukuma ta dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Kada ka matsa masa ya faɗi ra'ayinsa a kan gwamnati ta waya ko a saƙon murya, kada kuma ka tura maganarsa ga wasu ba da izninsa ba. Shirunsa ba ya nufin ya yarda da kai, ba ya kuma nufin ya ƙi ka.

Labaran da ke yawo a waya su ne man da ke rura wannan wuta. Kafin ka kafa hujja da bidiyo, tambayi ranar da aka ɗauke shi, da wurin, da wanda ya fara fitar da shi, domin ana yawan ɗauko tsohon faifai a laƙaba masa sabon labari, yanzu kuma har muryar shugabanni ake ƙirƙira da kwamfuta. Idan zargi ne tsakanin gwamnatoci, a faɗe shi a matsayin zargi tare da martanin da aka mayar. Misali, a Disamban 2024 Janar Tchiani ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa domin dagula ƙasarsa, har ya ambaci yankin Sakkwato da 'yan Lakurawa, gwamnatin Najeriya kuma ta musanta. Wanda ya kawo rabin farko ya bar na biyu bai yi wa masu saurarensa adalci ba. Mu da muka san halin da ake ciki a Tangaza da Gudu mun fi kowa sanin cewa 'yan bindiga ba su nuna fasfo a iyaka, kuma duk ranar da jami'an tsaron ƙasashen biyu suka daina magana da juna, ƙauyukanmu ne ke biyan kuɗin. Iyakar ta kai kusan kilomita 1,500, ta taɓa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, babu ƙasar da za ta iya tsare ta ita kaɗai.

A ƙarshen zama, a amince da abin da za a auna

Ba dole ba ne a tashi da ra'ayi ɗaya, amma yana da kyau a tashi da ma'auni ɗaya. Ku yarda a kan abubuwan da za ku duba bayan shekara: farashin buhun gero da na shinkafa a Ƙonni da Illela, canjin sefa da naira a bakin iyaka, yawan shingayen da ke tsakanin Sakkwato da Tawa da abin da ake karɓa a kowanne, ko makiyaya sun tsallaka lafiya da rani, ko ɗaliban Nijar da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna shiga da fita ba tsangwama, da kuma ko an sa ranar zaɓe. Kowa ya faɗi tun yanzu abin da zai sa ya sauya ra'ayi idan ya gan shi. A riƙa kuma bin labarin hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 tun kafin a haifi ECOWAS, mai hedikwata a Yamai, domin yanzu da ƙungiyar ba ta haɗa ƙasashen biyu, yawancin abin da ya shafi iyakarmu ta irin wannan hanya ta ƙasa da ƙasa za a daidaita shi. Wanda kuma tafiya ta kama shi, kada ya dogara da abin da aka faɗa a majalisa: ya tambayi ofishin shige da fice ko direbobin da suka dawo a makon irin takardar da ake nema a shingen Ƙonni, ya riƙe fasfonsa da katin rigakafinsa, ya kuma tanadi takardun kayansa kafin ya ɗora su a mota.